Ganuwar Zazzau da Masu Kula da Ita: Sharhi a kan Manufar Adana Kayan Tarihi

Abin da muke son jawo hankalin mahalarta gare shi a wannan takarda shi ne wani giɓi da ke cikin manufar hukuma game da kayan tarihin Birnin Zazzau. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta tanadi kāre gine-gine, amma a ganinmu ta manta da mutanen da suka gāji kula da su.

Ganuwa dai ginin ƙasa ce, ginin ƙasa kuwa ba ya daɗewa sai da yaɓe. A zamanin da, ƙofofin birni irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Kuyambana suna da masu tsaronsu. Idan damina ta zaftare wani sashe, akan kira gayya, magina su ja gaba. Gaskiya ne lalacewar ta soma tun bayan zuwan Turawa a 1902, lokacin da ganuwa ta daina amfanin yaƙi. Amma gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawar da En'e, da Dokar Filaye ta 1978, wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, su suka ƙarasa ɗaure hannun masu unguwanni. Mai unguwa yana kallo a haƙi ganuwa a yi tubali, ba shi da ikon hanawa.

Mu dubi Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin siminti, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba, domin bakan gizon nan na Durugu sun tsira. Sai dai fasahar ɗaure azara a hannun magina take, kuma idan babu gyaran da za a kira su yi, ina ɗan koyo zai koya?

A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari kan fito kowace shekara su yaɓe masallacinsu bisa jagorancin maginan gargajiya. A Ostireliya kuwa, a 2007 gwamnati ta soma wani shiri na biyan 'yan asalin ƙasar albashi domin su tsare ƙasar kakanninsu. Shawararmu ita ce a raba abin da ya rage na ganuwa tsakanin unguwannin da ke jikinta, a ba Sarkin Magina da masu unguwanni kasafin yaɓe na shekara, tare da ikon kai ƙarar duk wanda ya sa mata diga.