Masallacin Babban Gwani a Dandalin Zazzau

Duk wanda ya isa ƙofar fadar Zazzau, zanen jikin bango ne ke fara ɗauke masa ido: ja, kore, shuɗi, dagi a kan dagi. A nan baƙi ke tsayawa su ɗauki hoto, su kama gabansu. Amma aikin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa yana gefen dandalin, a lulluɓe cikin ginin siminti. Shi ne tsohon Masallacin Juma'a da Malam Mika'ilu, wato Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Kowane magini ya san halin azara. Gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai in tazara ta kai kusan mita biyu, ta fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Dabarar magina ita ce su dasa azara a jikin ginshiƙi, su ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, su ɗaure, su yaɓe, su jira ta bushe, har hannun dama da na hagu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Babban Gwani ya kai wannan dabara inda ba a saba kai ta ba. Tulluwa shida ya ɗora wa zauren salla. Bakunan suna tasowa daga ginshiƙai masu kauri, su rabu kamar rassan gawo, su sake gamuwa can sama. Abin da ya fi burge ni shi ne, adon rufin ba ƙari ba ne da aka manna daga baya. Jerin azarar da ke ɗauke da nauyi, shi ne adon. Zanen jikin ginshiƙan ma an tona shi da zurfi a cikin laka tun tana ɗanya, ba launi yake jira ba, haske da inuwa sun ishe shi.

Ba a rasa abin cewa. Ginshiƙan sun ci wuri, suna yanke sahu, kuma zauren bai isa ɗaukar jama'ar Juma'a ta birni kamar Zariya ba. Wannan ƙarancin wuri na cikin abin da ya jawo sabon gini a shekarun 1970. Simintin ya kare tulluwan daga ruwan damina, gaskiya ne, amma ya raba masallacin da dandalinsa. A da fada, masallaci da zauren shari'a suna kallon juna, ƙasa ɗaya, launi ɗaya. Mai son ganin siffar wajen yanzu sai ya tafi Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafinsa bisa awon da Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi.

Ana ba da labari wai Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe gwanin bayan ya gina masa masallaci, don kada ya yi wa wani irinsa. Labarin baka ne, kuma ko da ya tabbata, sana'ar ba ta bi shi kabari ba. Mu mutanen Adar muna da shaida kusa da gida. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma masallacin garinsu a 1962. A 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Na Yama ya fi fara'a daga waje, ba kuma fadar da yake jingine da ita. Amma a rufin ciki, a ganina, har yau Zariya ce a gaba.