Farar fitila a hanyar Haɗeja

Duk mai bin hanyar Gujungu zuwa Haɗeja da dare a 'yan shekarun nan ya san abin da ake kira farar fitila. A da in mota ta doso ka, haskenta ruwan ƙwai ne, kana iya tsare gefen titi da ido har ku gifta juna. Yanzu tun daga nesa za ka hango wani abu fari fat, mai shuɗi-shuɗi. Ka ƙyafta wa mai shi fitila don ya rage, sai ya watso maka wadda ta fi ta, wato yana gaya maka ai dama a dim yake. Kuma bai yi ƙarya ba, a dim ɗin yake. Nan matsalar take.

Yayin cire ƙwan fitila na asali a maye gurbinsa da na LED ya game kowa: Golf da Sharon na haya, a-daidaita-sahu, baburan acaɓa, har manyan motocin da ke kwasar shinkafa da riɗi da busasshen kifi. Ka kai mota wajen mai wayarin don ƙwai ɗaya ya ƙone, kafin ka rufe baki ya ce, "Alhaji, a sa maka farin ko? Shi ake yi yanzu." Kwalin yana da kyau, an jera masa manyan lambobi, aikin kuma ba ya cin rabin awa.

Ba na ganin laifin mai son ƙarin haske a wannan ƙasa tamu. Titunanmu, in ka bar cikin gari, babu fitilar kan hanya. Daga Haɗeja ka nufi Auyo, ko Kafin Hausa, ko ka yi gabas wajen Kirikasamma da Guri, za ka haɗu da amalanken shanu ba ko ƙyalle a bayanta, da mai keke ya ɗauro ciyawa, da garken da ke tsallaka titi ba sallama. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna wa kowa yadda ruwa ke cin gefen kwalta ya bar kwalbati a tsaye ita kaɗai. A wasu wuraren dama da hagu duk ruwa ne da ciyawar kacala, in ka kauce ba daji za ka faɗa ba. Motocin da yawancinmu ke hawa kuwa sun haura shekara ashirin, murfin fitilarsu ya yi ja, kwanon ciki ya dushe. Wanda ya ce ba ya gani da dare, gaskiyarsa ne.

Abin da nake ja da shi shi ne maganin. Kuma sai an leƙa cikin fitilar kafin a gane dalili.

Fitilar gaba ba ƙwai ba ce kawai. Ƙwan yana zaune a cikin kwano mai ƙyalli, kuma an ƙera kwanon ne a kan siffar ƙwan. A cikin ƙwan halojin irin H4, wanda ke cikin tsofaffin motoci da yawa, akwai siraran zare biyu, ɗaya na ful mai cin wat 60, ɗaya na dim mai cin wat 55. Zaren dim ɗin yana da ɗan ƙaramin murfin ƙarfe a ƙarƙashinsa, wanda ke hana haske sauka a rabin kwanon na ƙasa. Rabin sama ne kaɗai ke karɓar hasken, shi kuma ya kifa shi a kan titi. Shi ya sa in ka haska bango da dim mai lafiya za ka ga layi a miƙe: ƙasa haske, sama duhu, da ɗan tashi ta hannun dama don a ga gefen hanya. Wannan layin shi ne iyaka tsakanin haƙƙinka da haƙƙin mai zuwa.

Zaren nan tsawonsa 'yan milimita ne, a dunƙule yake, kuma yana ba da haske ta kowace fuska. LED ba haka yake ba. Ƙananan ƙwayoyi ne shimfiɗaɗɗu da aka manna a gefe biyu na wani siririn allo, kowanne yana haska gabansa kawai. In ƙwayoyin sun fi zaren faɗi, ko allon ya yi kauri, ko mazauninsu ya goce da milimita ɗaya ko biyu, kwanon ba zai tattara hasken inda aka nufa ba. Wanda ya riƙe tocila ta da, mai manyan batura, zai tuna cewa da zarar ƙwan ya ɗan motsa daga gurbinsa sai hasken ya baje, tsakiya ta yi duhu. Haka ne a nan, sai dai wannan karon abin da ya baje yana hawa sama, daidai tsayin idon direban da ke fuskantarka.

Abin takaicin, shi mai motar daɗi yake ji. Gaban bamba ya yi fari ƙal, itatuwan gefen hanya sun haskaka har ganyen sama, sai ya ce kuɗinsa sun yi rana. Amma haske mai yawa a kusa yana sa ƙwayar ido ta tsuke, nesa kuma ta ƙara duhu, alhali a nesa amalanken take. Ga shi jin cewa yana gani ya sa ya ƙara taka mota. In hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, abin ya ƙara lalacewa, domin duk hasken da ya tashi sama ƙura ce ke tare shi ta dawo da shi fuskar mai tuƙi. Sai ka ga mota mai sabuwar farar fitila tana rarrafe a bayan tsohuwar akori-kura mai ruwan ƙwai.

Launin ma yana da nasa. Hasken halojin yana wajen Kelbin 3,200 a ma'aunin launi, yawancin LED na kasuwa kuwa 6,000 ne zuwa 6,500, wato ya karkata zuwa shuɗi. Ido ya fi jin zafin irin wannan, kuma idon dattijo ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai. Mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In aka kashe wa direba ido na daƙiƙa uku, ya yi tafiyar mita 66 a makance. Direbobin haya da yawa a tashoshinmu furfura ta fara fito musu, kuma a bayansu mutum shida ko tara ne ke gyangyaɗi.

Kada a ɗauka gaba nake da LED. Fasaha ce babba. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin LED, wanda daga gare shi aka samu farin. Wannan fasaha ce ke haska rumfar mai shayi da ɗakin karatun yara a ƙauyen da wayar lantarki ba ta kai ba. A mota ma, tun wajen 2007 kamfanin Lexus ya fitar da mota mai dim na LED, Audi ya biyo da R8 mai fitilar gaba LED zalla. Amma waɗannan an ƙera kwano da gilashi da ƙwai ne tare, tun daga masana'anta. Abin da muke yi a bakin titi dabam ne: sabon ƙwai a gidan da ba nasa ba.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan yayi sun gane bambancin. A Ingila, tun daga Janairun 2021, motar da aka cusa wa ƙwan LED a fitilar halojin ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara, in ban da tsofaffin motoci na can baya da aka sassauta wa. Jamus ta bi wata hanya wadda ta fi burge ni. A 2020 ta amince da wani ƙwan LED samfurin H7 na kamfanin Osram, amma ga motocin da aka gwada shi a cikin fitilarsu kaɗai, aka lissafa su da suna. Wato ba a tambayar ko ƙwan yana da kyau, ana tambayar ko ya dace da wannan kwanon. Mu kuwa tambayarmu ɗaya ce a shago: wanne ya fi haske? Lambar da ke jikin kwali kuma ba wanda ya auna ta a gabanmu.

Akwai wasu abubuwa biyu namu na gida da ke ƙara wa miyar gishiri. Na farko lodi. A ɗora wa Golf buhunan shinkafa daga fadama, bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga, to ko da fitilar lafiya lau take, sama za ta haska. Motocin Turai da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3, aikinsa ke nan, ya sunkuyar da fitila in an yi lodi. Ka tambayi direbobi a tasha, da dama za su ce ba su taɓa sanin amfaninsa ba, a wasu motocin kuma ya daɗe da mutuwa. Na biyu, tun 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma har yau ana shigo da fitilun gwanjo da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan, inda ake bin hagu. Irin wannan fitila tashinta ta hagu ne, wato kai-tsaye cikin idon mai zuwa. A sa mata LED a kai, sai dai Allah ya kiyaye.

Batun daɗewa kuwa, wanda shi ne babban abin tallar, a yi hattara. LED ba ya son zafi, shi ya sa ake maƙala masa 'yar fanka a gindi. A Haɗeja zafin Afrilu yana haura digiri 40, ga zafin inji, ga ƙura. Sau da yawa gindin ƙwan ya fi ramin girma, sai mai wayarin ya yar da robar da ke toshe bayan fitilar. Daga nan ƙura ta samu ƙofa, damina ta zo da raɓa, kwanon ya ƙarasa dushewa. An kashe abu mai tsada don a zaunar da mai araha.

Inda nake ganin LED ya fi cancanta, can ne ba mai kula da shi: bayan mota. Ƙwan birki na LED yana kamawa nan take, na zare sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya yi ja, kuma LED ya fi jure girgizar hanya mai gargada. Amma je ka tsaya a bakin titi bayan isha'i ka ƙirga motoci nawa ne gabansu kamar rana, bayansu duhu ɗum, danja ɗaya a fashe, ɗaya a ƙone. Babbar mota ta lalace a kan kwalta, abin da ke bayanta reshen bishiya ne. Da rabin kuɗin da ake zubawa a gaba ya koma baya, da kuma 'yar jar fitila mai batir da ƙyalle mai ƙyalli a bayan kowace amalanke, da an tsare rayuka fiye da yadda farar fitila ke tsarewa. Sharaɗi kawai, a sa jan LED a bayan jan murfi, ruwan lemo a sigina. In siginar ta fara ƙiftawa da sauri bayan canjin, ba lalacewa ta yi ba: na'urar da ke ƙifta ta an yi ta ne don ƙwai mai wat 21, da ta ji nauyi ya ragu sai ta ɗauka ƙwan ya ƙone. A canja na'urar da wadda ta dace da LED, magana ta ƙare.

Wanda kuma ba ya gani da dare, kafin ya sayi komai, ya fara da abin da ya ɓace masa. A goge murfin fitilar da ya yi ja. A duba wayar da ke kai wuta da ta ƙasa, domin halojin in wuta ta ɗan ragu haskensa yana faɗuwa sosai, kuma rilé mai kyau da sabuwar waya kan dawo da abin da shekaru suka cinye. In kwanon ya mutu, kwanon za a canja. In bayan duk wannan mutum ya nace sai LED, to ya nemi mai siririn allo wanda ƙwayoyinsa ke zaune daidai gurbin zaren, suna kallon dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Fitila mai dunƙulen gilashi a gaba ta fi haƙuri da wannan canji, domin tana da nata shingen a ciki.

Sannan a je bango. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi. Bayan magariba a tsayar da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga katanga, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a zana shi a bangon da gawayi. A kunna dim. Layin hasken ya kamata ya faɗo ƙasa da zanen da kamar santimita 10, kuma sama da shi ya zama duhu. In layin ya yi sama, akwai kusoshin saiti a bayan fitilar. In babu layin sam, haske ne kawai a baje, ba saitin da zai gyara shi, a mayar da ƙwan cikin kwalinsa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar mota na VIO suna da hurumin duba fitila, amma aikinsu yawanci da rana ne, farar fitila kuwa da rana ba ta da laifi. Ni na fi sa rai da tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi a Haɗeja da Malam Madori da Gumel sun san kowace mota da mai ita, kuma su ne ake kashe wa ido kullum. Katanga ɗaya a tasha, layi ɗaya na fenti, da ƙa'idar cewa motar da za ta yi lodin dare sai ta haska bangon tukuna. Masu wayarin ma su riƙa kai mota bango kafin su karɓi kuɗin aiki, kamar yadda bakanike ba ya sallamar mota sai ya taka birki ya ji ya kama.