Kasuwar da Ke Zaɓa wa Ƙafarka Hanya

Akwai salon gini guda da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yadda masu zanen gine-gine ke ta kambama shi ya sa na kasa yin shiru. Ina nufin kasuwar da ake ɗorawa hawa bisa hawa a tsakiyar birni mai cunkoso, a rufe ta ruf, a sanyaya ta, a ce wai ita ce kasuwar gobe. Hong Kong ce cibiyar wannan salo. Tun 1994 aka buɗe Times Square a unguwar Causeway Bay, a filin da a da ake ajiye taragon cikin gari, amma wadda ta kai abin ƙarshe ita ce Langham Place da ke Mong Kok, wadda aka buɗe a 2004. Hawa 15 ne na shaguna, kuma kamfanin Jon Jerde, wani mai zanen gini Ba'amurke, shi ya tsara ta. Duk wanda ke son ya gane abin da nake ƙorafi a kai, to ya dubi matattakalarta.

Ba sai an gaya wa ɗan kasuwa ba cewa shagon bakin hanya ya fi na saman bene daraja. Mai saye ba ya son hawa, shi ya sa a benayen kasuwanninmu ma za ka tarar hawan sama ya koma sito ko ofis. Masu tsara Langham Place sun san da haka, sai suka nemo dabara. Suka kafa wata doguwar matattakala mai tafiya da kanta, tsawonta mita 45, wadda ke ɗaukar mutum daga hawa na 4 ta dire shi a na 8 ba tare da tsayawa ba, wata kuma ta karɓe shi daga nan zuwa na 12. Idan ya kai can, hanyar saukowa a nannaɗe take kamar gammo, tana bi ta ƙofar shago bayan shago. Hawa cikin minti kaɗan, sauka kuwa sai ka gaisa da kowane gilashi. Wanda ya shigo sayen takalmi ƙafa ɗaya ba shi ke da iko da tafiyarsa ba, wani ne ya zauna a ofis shekaru da suka wuce ya zana masa inda zai taka. Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai, domin a ganina wayo ne aka yi wa mai saye, aka kuma sa masa suna gwaninta.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Victor Gruen, ɗan asalin Ostiriya da ya zana Southdale da aka buɗe a jihar Minnesota ta Amurka a 1956, wato rufaffiyar kasuwar zamani ta farko mai na'urar sanyaya iska, burinsa shi ne ya samar wa mutane dandali irin na garinsu Vienna, inda za a haɗu a yi hira. Kafin ya rasu a 1980 ya fito fili ya barranta da abin da 'yan jari suka mayar da tunaninsa. Har yau da sunansa ake kiran wannan yanayi da mai saye ke shiga idan gini ya ruɗa shi ya mance abin da ya kawo shi. Kasuwar bene ta ɗauki wannan ruɗu ta miƙar da shi tsaye. A shimfiɗaɗɗiyar kasuwa, ko ka ɓata, ƙofa tana nan kusa. A hawa na 11 kuwa, tsakaninka da titi akwai layin lifta ko hawa goma na shaguna.

Sannan a duba abin da aka rushe kafin a kafa Langham Place. A wurin akwai Titin Hong Lok, wanda mutanen gari ke kira Titin Tsuntsaye, inda tsofaffi ke zuwa da kejinsu na gora su rataye, su sayi fara da tsaba, su wuni suna hira. An kwashe masu sayar da tsuntsayen zuwa wani lambu a Titin Yuen Po, an tashi mazauna gidajen. Yanzu a saman ginin akwai rufi da ake haska hoton sararin sama a jikinsa. An raba mutane da sararin Allah da suke ciniki a ƙarƙashinsa, an ba su hotonsa. Kuma tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai kasuwar Titin Tung Choi da ta masu takalma a Titin Fa Yuen, inda har yanzu mutum ke tsayawa inda ya ga dama, ya taya, a yi masa albarka, ya juya ya tafi, a kira shi ya dawo. Can ƙafarka taka ce. Mai ƙaramin jari ma yana iya kafa rumfa, alhali a cikin bene kuɗin haya ne ke tantance wanda zai shiga, shi ya sa sunayen kamfanonin da ka gani a wannan kasuwa su za ka sake gani a ta gaba.

Za a ce mini ƙasa ta yi wa Hong Kong kaɗan. Gaskiya ne, Mong Kok na cikin wurare mafi cunkoson jama'a a duniya, ga zafi da laima da ruwan damina, ga ginin a haɗe da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma yankin Titin Portland da ke gefensa ya yi ƙaurin suna da harkokin banza kafin a yi gyaran. Na yarda da wannan, kuma na yarda falon gilashin da ke hawa na 4 yana da kyau. Amma ƙarancin fili ya tilasta hawa sama ne kawai, bai tilasta a tsara saukowa yadda za ta gajiyar da mutum har ya buɗe aljihu ba. Wannan zaɓi ne na mai gini, kuma ana iya yin wani. Ba kuma ko'ina salon ke ɗorewa ba: Water Tower Place ta Chicago, mai hawa 8, wadda ta yi tashe tun shekarun 1970, babban kantin Macy's ya fice daga cikinta a 2021 ya bar ta da hawa-hawa na wofi.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne yadda hotunan irin waɗannan gine-gine ke burge masu kuɗinmu, har ake ganin birni bai waye ba sai da su. Hujja ɗaya tilo da Hong Kong ke da ita, wato rashin fili, ba ta kama Kano ko Kaduna ko Maraɗi yadda ta kama Mong Kok ba. Kuma ran kasuwar bene gaba ɗaya yana rataye ne a wutar lantarki. Ranar da aka ɗauke wuta, ko man janareto ya yi tsada, matattakalar nan ta tsaya cak, ta zama tsani mai tsawon mita 45 da tsohuwa ko mai goyo ba za ta iya hawa ba, kuma mai shago a hawa na 9 zai biya hayar watan ko an zo ko ba a zo ba.