Ɗan Sandan Wane Ne? Sharhi a Kan Fim Ɗin RoboCop 2

A wani gidan bidiyo a Agege na fara kallon RoboCop 2, cikin mahauta da 'yan tireda, kuma karon ƙarfe da ƙarfe ne ya fi samun tafi. Amma jigon wannan fim na 1990, wanda Irvin Kershner ya ba da umarninsa, ya wuce nan. Bashi ya yi wa birnin Detroit katutu, 'yan sanda suna yajin aiki, kamfanin OCP kuwa yana jiran birnin ya durƙushe ya mallake shi. Tauraron, Murphy, ɗan sanda ne da aka kashe, kamfanin ya mayar da shi mutum-mutumin ƙarfe. To, bawan jama'a ne shi ko kayan kamfani?

Inda fim ɗin ya fi armashi shi ne lokacin da aka ɗura masa ɗaruruwan dokoki don a gyara sunan kamfani. Nan take ya zama hoto, har yana karanta wa gawa 'yancinta. Sai da ya kama wutar lantarki da gangan kafin ya kankare su. Daga nan fa zaren labarin ya tsinke: an yasar da batun matarsa, aka ɓige da dambe da Cain, dillalin ƙwaya da aka dasa ƙwaƙwalwarsa a cikin wani ƙaton ƙarfe.

A lokacin, mun ɗauki yajin aikin da talaucewar birnin a matsayin tatsuniya. 'Yan sandan Nijeriya sun yi yajin aiki a 2002, Detroit kuma ta bayyana fatararta a gaban kotu a 2013.