Saurare da karatu: tsokaci daga Madarunfa

A wannan ƴar maƙala muna so mu duba wata tambaya da ke yawo tsakanin manazarta adabi: shin wanda ya saurari littafi daga farko har ƙarshe za a ce ya karanta shi? Mun ɗauki Madarunfa misali ne saboda tana iyaka da jihar Katsina, kuma hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa na cikin hanyoyin da littattafan Kano suka riƙa bi suna shigowa Maraɗi tun shekarun 1990. Sai dai a Nijar wajen kashi ɗaya cikin uku na manya ne suka iya karatu da rubutu, mata kuwa ba su kai haka ba. Ke nan littafi ba ya isa ga yawancin jama'a sai ta kunne: a da ta rediyo ko ta bakin ƴar lakwal mai karanta wa matan gida, yanzu kuma ta salula.

Kalmar karatu kanta daga Larabci muka aro ta, kuma ba ta taɓa nufin duba takarda shiru kaɗai ba. A makarantar allo da ƙarfi ake yin sa. A zaure, ɗalibi ya ja baƙi malam ya fassara, sauran suna ji, kuma wanda ya zauna har aka sauke Ishmawi ko Risala yakan ce ya karanta ta wurin malam wane, ba mai yi masa gardama. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta, amma ba mu taɓa jin an cire shi daga sahun marubuta waƙoƙi ba. Masu cewa saurare ba karatu ba ne, da mudun lakwal suke awo.

Akwai ma inda kunne ya fi ido. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke kama ɗaya a takarda, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Murya ce ke raba su. Wani bincike da aka yi a jami'ar Berkeley ta Amurka, aka buga a 2019, ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu tsinkayar ma'ana kusan iri ɗaya suke aiki, ko an ji labari ko an karanta shi.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa abu guda ne. A zaure littafin yana buɗe, ɗalibi na iya tsayar da malam ya tambaya, ko ya koma gida ya duba. Mai sauraren salula kuwa yana hannun mai karantawa. Shi ke zaɓen littafin, shi ke tsallake shafin da ya ga ya yi tsawo ko ya yi nauyi a baki, ya sassauta murya ga tauraruwa ya kaurara ta ga kishiya, wani lokaci har ya sa nasa sharhin a tsakiyar zance ba tare da ya ce nasa ne ba. Mai saurare ba shi da abin gwadawa. Abubakar Imam ya san wannan sarai: akun Magana Jari Ce (1937) ba don nishaɗi kawai yake zuba labari ba, so yake ya riƙe Musa ɗan sarki a gida. Kowane mai ba da labari da tasa manufar. Marubucin kuwa, sau da yawa ba a nemi izininsa ba, balle a biya shi.

A ganinmu, matar Madarunfa da ta saurari In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ta san littafin, tana iya yin muhawara da mu a kansa, kuma kuskure ne nazarinmu ya riƙa ƙirga masu sayen takarda kaɗai. Amma kada wannan ya zama hujjar yin sakaci da yaƙi da jahilci. Salula ba za ta karanta mata takardar likita ko ta cinikin gona ba, a nan sai ta sake neman bakin wani, wanda wataƙila yana da rabo a cinikin.

Aikin da ya rage wa sashenmu shi ne ɗaukar karatun murya a matsayin matani mai zaman kansa. A samo littafi guda da muryoyi biyu ko uku da suka karanta shi, a bi su layi-layi, a ga abin da aka cire da abin da aka ƙara, sannan a tambayi masu saurare a Madarunfa da Ɗan Isa wanne suka ji.