iNaturalist, Gwanar Manhajoji

'Yan uwa masu son tsuntsaye da ƙwari da tsirrai, yau gwanarmu zan yaba, kuma ba zan rage murya ba. A duk manhajojin da ke wayata babu wadda ta kama ƙafar iNaturalist. Kyauta ce, ga sauƙi, ga haƙuri, ga ilimi tuli, ga ta da jan mutum ya fita waje ya duba abin da Allah ya halitta a bayan gidansu. Tubarkalla!

Kun san yadda abin yake. Ka ɗauki hoton malam-buɗe-littafi a kan furen tumfafiya, ko hawainiya a reshen sabara, ka loda, kafin ka ƙifta ido ƙirƙirarriyar basirar da ke cikinta ta jero maka sunayen da take zato. Tun 2017 aka sa mata wannan ido. Abin da ya fi burge ni shi ne ladabinta: idan ba ta tabbatar da ainihin jinsin ba, sai ta tsaya a kan dangi, ta ce ga zuri'ar da take kyautata zaton ya fito. Ba ta cika baki. Daga nan mutane su karɓa, masana da 'yan koyo daga ko'ina a duniya, wannan ya amince, wancan ya gyara, har sai fiye da kashi biyu cikin uku sun yi ittifaƙi, hoton ya hau matakin da ake kira Research Grade. Ranar da koren tambarin nan ya fara bayyana a kan hotonka, wallahi daɗin daban ne. Bayanan kuma na wucewa rumbun GBIF da ke Kopenhagen, inda masu bincike ke ɗiba. Wato ƙadangaren jikin katangarka ya shiga kundin kimiyya ke nan.

Kuma hotunan namu ne abincin na'urar. Da su ake horar da ita, sai jinsi ya tara hotuna kimanin 100 kafin ta koyi gane shi. Mu ke koya mata, ita ke koya wa wanda zai zo bayanmu. Ka ji tsari mai kyau! Duk wannan daga aikin digiri na biyu da Ken-ichi Ueda da abokan karatunsa suka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2008.

Amma taswira, jama'a, taswira ce ta gama da ni. Ku nemo shamuwa, ku tace hotunanta wata-wata. Da damina za ku gan ta a nan yankinmu na Sahel, a kan bishiyoyin cikin gari inda take sheƙa, kamar yadda kakanninmu suka san ta, mai albishir da ruwa. Ku koma watannin rani, sai ga ɗige-ɗigen sun gangara gabashi da kudancin Afirka. Tun muna yara muke ganin ta ɓace ba mu san ina ta nufa ba, yau ga hanyarta shimfiɗe a tafin hannu, kuma mutane irinmu ne suka zana ta, kowa da hotonsa ɗaya. Ina iya kwana ina kallon wannan.

Ga kuma labarin da ba na gajiya da ba da shi. A ƙasar Kolombiya wani mutum ya ɗauki hoton wata 'yar dabba mai kama da tunku da ta maƙale a banɗakin gidansu. Shekaru bayan haka ya loda a iNaturalist, ashe ɗaya ce daga cikin dabbobin da ba a cika gani ba a Kudancin Amurka, kuma hotunan nasa su ne na farko da aka sani na mai rai. A banɗaki fa! Sannan idan dabba na cikin haɗarin ƙarewa, manhajar kan ɓoye ainihin wurin da aka gan ta saboda mafarauta. Wannan tunani ya yi.

Ƙorafi? Akwai kaɗan. Tana shan data idan hotuna suka yi yawa. Kuma idonta ya fi kaifi a kan halittun Amurka da Turai, don can aka fi loda mata. Nuna mata kuka ko balbela ta faɗa nan take, amma kawo wata fara ko ciyawar fadama sai ta fara lalube, wani lokacin hoton ya daɗe babu mai tanka masa. Abin na ci mini rai, domin dausayin Haɗeja da Nguru kaɗai, da dajin Yankari, da duwatsun Jos, sun isa su cika mata ciki.

Shi ya sa nake ɗokin gasar City Nature Challenge, wadda ta fara a 2016 tsakanin Los Angeles da San Francisco, yanzu kuma ɗaruruwan birane ke shiga a ƙarshen Afrilu, kwana huɗu ana rige-rigen ɗaukar hoto. Lokacin ne fa shamuwa ke dawowa. Kano, Zariya, Maraɗi, Damagaram, ku yi cajin wayoyinku, ina so in ga sunayenku a jerin.