Suna da Mahanga a Labarin Yaƙin Sioux: Tarken Salon Dee Brown

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tarken salon littafin Bury My Heart at Wounded Knee, wanda Dee Brown, ma'aikacin laburare a Jami'ar Illinois ta Amurka, ya wallafa a shekarar 1970. Littafin ya bi diddigin yadda aka ƙwace ƙasashen 'yan asalin yammacin Amurka daga 1860 zuwa 1890. Za a taƙaita nazarin a kan ɓangaren da ya shafi yaƙe-yaƙen al'ummar Sioux da sojojin doki na gwamnati. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin littafin da rauninsa duk daga harshe suka taso.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

A Disambar 1866 mayaƙan Sioux da ƙawayensu suka yi wa rundunar Kyaftin Fetterman kwanton ɓauna, suka kashe mutum 81. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Sioux tsaunukan Black Hills, amma da aka gano zinariya a wurin a 1874 sai alkawari ya warware. Ranar 25 ga Yuni 1876 aka gwabza a kogin Little Bighorn, inda Custer ya halaka, runduna ta bakwai ta sojan doki kuma ta rasa fiye da mutum 260. Ita wannan rundunar ce, ranar 29 ga Disamba 1890, ta buɗe wa jama'ar Big Foot wuta a Wounded Knee, ta kashe tsakanin mutum 250 da 300, da yawansu mata da yara.

3.0 Salon Sauya Suna

Kafin Brown, galibin marubuta kan kira faɗan 1866 kisan gilla, su kira abin da ya auku a 1890 yaƙi. Wato ke nan, kalmar da ake zaɓa ta danganta ga wanda aka kashe. Brown ya juya wannan ma'auni, dabararsa kuwa ita ce sauya sunaye. Yakan kira hafsoshi da laƙabin da 'yan ƙasa suka ba su: Custer ya zama Mai Dogon Gashi, Janar Crook ya zama Mai Taurari Uku, sojoji kuma Masu Shuɗin Riguna. Haka nan yakan ambaci watanni da irin sunayen da 'yan ƙasa suka ba su bisa yanayin ciyawa da dabbobi da sanyi.

Tasirin wannan salo a bayyane yake. Mai karatu Ba'amurke, wanda ya tashi yana jin sunan Custer a matsayin gwarzo, sai ya tsinci kansa a cikin zango yana hangen wani baƙo mai dogon gashi ya doso da bindigogi. Marubucin bai buƙaci doguwar muhawara ba, domin laƙabin kaɗai ya sauya wa mai karatu wurin tsayuwa. A nan ne littafin ya ciri tuta.

4.0 Matsalar Tafinta

Sai dai Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Jawaban shugabanni irin su Red Cloud da Sitting Bull, waɗanda suka ƙawata littafin, an tsamo yawancinsu ne daga takardun taron yarjejeniya da rahotannin gwamnati. An furta su da harshen Lakota, tafinta ya juya su, akawu ya rubuta. Brown yakan kawo su kamar daga bakin mai su suka fito kai tsaye.

Sunayen mutanen ma sun isa hujja. Sunan da Turanci ya fassara da ma'anar saurayi mai tsoron dawakinsa, wato Tashunke Kokipapi, ainihin ma'anarsa ita ce abokan gaba na tsoron ko da dawakinsa. Fassara ta mayar da kirarin jarumi zambo. Tashunke Witko kuwa, wanda aka sani da Crazy Horse, dokinsa ne sunan ya siffanta. Shi kansa sunan Sioux baƙi ne suka laƙaba: Faransawa suka aro shi daga harshen Ojibwe suka gutsure. Masu shi kan kira kansu Lakota ko Dakota, ma'ana ƙawaye.

Hatsarin tafinta bai tsaya ga suna ba. An ruwaito cewa a 1877, da aka nemi Crazy Horse ya taimaka a yaƙi al'ummar Nez Perce, tafinta Frank Grouard ya juya amsarsa ta koma barazana ga Turawa. Zargi ya ƙaru, aka soke shi da banati a sansanin Robinson ranar 5 ga Satumba. Manazarci ya kamata ya yi hattara da duk jawabin da ya biyo ta irin wannan hanya.

5.0 Kammalawa

Rauni na biyu yana ga tsarin littafin. Da yake ya rufe da gawawwakin 1890, mai karatu kan ɗauka al'ummar ta ƙare a nan, alhali ba ta ƙare ba. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin a biya diyyar fiye da dala miliyan 100 saboda Black Hills, Sioux suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar suke so. A 1991 aka cire sunan Custer daga filin dagar Little Bighorn. David Treuer, marubuci ɗan Ojibwe, ya wallafa littafi a 2019 domin ci gaba da labarin daga inda Brown ya tsaya.

A taƙaice, Brown ya nuna cewa zaɓen suna hukunci ne a kan tarihi, ya kuma yi amfani da wannan sani cikin gwaninta. Amma muryar da ya maido wa Sioux ta biyo ta bakin tafintan gwamnatin da ta yaƙe su. Aikin da ya rage wa masana harshe shi ne komawa ga labaran baka da aka adana cikin Lakota, a auna su da fassarar da duniya ta sani.